Farashin da aka ja wa layi: yadda mai saye daga Katsina zai auna rangwamen intanet

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Katsina ya san cewa kuɗin da mai kaya ya fara faɗa an faɗe shi ne don a samu wurin sauka. Za a ce maka dubu 30, ka taya dubu 18, ya ce albarka, ka yi kamar za ka wuce ya kira ka, a ƙarshe ya sallama a dubu 22, kuma babu mai hankalin da zai koma gida yana murnar an yi masa ragin dubu takwas. Abin mamaki shi ne, mutumin da ba a iya yi wa wayo a rumfar 'yan atamfa, da zarar ya buɗe manhajar sayayya a wayarsa ya ga an rubuta naira 30,000 an ja mata layi, an sa 22,000 a ƙarƙashinta da jan rubutu, sai ya yarda cewa garaɓasa ce ta faɗo masa. Cinikin iri ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a intanet mai kaya ne yake yanka farashi, shi ne kuma yake taya wa kansa, mai saye an bar masa danna maɓalli. Saboda haka aikin da ke gaban mai neman rangwame shi ne ya samo wani ma'auni daga wajen shafin, wanda ba mai kaya ne ya ƙera shi ba.

Sayayya ta intanet ta daɗe a Najeriya fiye da yadda ta daɗe a aljihun mutanenmu. An kafa Jumia da Konga a Legas a 2012, Jiji ta zo a 2014, Temu ta kamfanin PDD na ƙasar Sin kuma ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 2024 da tallace-tallacen da suka cika wayoyin jama'a. Amma abin da ya tura talakan Katsina cikin harkar da ƙarfi shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, dole ta sa mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay. Wanda ya saba tura kuɗi ta waya don sayen tumatir ba zai ji nauyin tura su don sayen takalmi daga Legas ba. Hannu ya saba da biya tun kafin ido ya saba da tantance farashi, kuma a wannan tazarar ce ake yin asara.

Kafin a yi maganar rangwame, ya kamata a san wane ne yake rubuta farashin. Manyan dandalin nan kasuwa ce mai rumfuna. Mafi yawan kayan da ake gani a Jumia ko Konga ko AliExpress na 'yan kasuwa ne daban-daban da suka yi rajista, suna biyan kamfanin la'ada a kan duk abin da aka sayar, kuma galibi ɗan kasuwar ne yake cike gurbin farashin asali da gurbin farashin rangwame da hannunsa. Shi ya sa za ka ga dutsen guga iri ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, a wurin mutum huɗu da farashi huɗu, kuma mai ikirarin ragin kashi 45 cikin 100 ya fi mai ikirarin kashi 10 tsada. Kason da ake rubutawa da manyan baƙaƙe ana lissafa shi ne daga lambar da aka ja wa layi, ita kuwa wannan lambar mai yiwuwa babu wanda ya taɓa sayen kayan a kanta.

Lissafin yana da sauƙi idan aka zauna aka yi shi. A ɗauka, a matsayin misali, fanka mai caji ana sayar da ita naira 60,000 a watan Oktoba. Makonni biyu kafin lokacin rangwame mai kaya ya ƙara kashi 50 cikin 100, ta koma 90,000. Ranar da aka buɗe kasuwa ya sanar da ragin kashi 30, wato naira 27,000, ta sauko 63,000. Wanda ya saya a ranar ya biya ƙarin naira 3,000 a kan farashin Oktoba, amma zai gaya wa abokansa a majalisa cewa ya tsira da dubu 27. Dalilin shi ne ƙari da ragi ba daga tushe ɗaya ake ɗaukar su ba: abin da aka ninka biyu sannan aka zabtare rabinsa ya koma inda yake ne cif, alhali takarda za ta nuna ragin kashi 50.

Wannan dabara ba ta tsaya a Najeriya ba, kuma yawanta ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida da ta fara aiki a watan Mayun 2022, cewa duk mai sanar da ragi dole ya auna shi da mafi ƙarancin farashin da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. A nan gida akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta haramta yaudarar mai saye a kan farashi ko siffar kaya. Hukumar ta taɓa nuna haƙoranta, domin a watan Fabrairun 2024 ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda kuɗin da ke manne a jikin kanta ya saɓa wa wanda ake karɓa a wurin biya. Sai dai kanti yana da ƙofa da za a iya garƙamewa, farashin intanet kuwa yana iya sauyawa sau uku kafin la'asar. Masu saye a Amazon suna da shafuka irin su Keepa da CamelCamelCamel da ke ajiye tarihin farashin kowane kaya. Abin da ya fi amfani ga mai saye daga Ƙofar Ƙaura shi ne ya zama shi ne mai ajiye tarihin: ya ɗauki hoton allon wayarsa wata guda ko biyu kafin lokacin rangwame, inda farashi da sunan mai sayarwa suka fito, ya sake dubawa bayan mako biyu, sannan ranar da aka buga gangar ragi ya ɗora sabon farashi a kan hotunan da ya tara.

Akwai wani abin da ke dagula lissafin, kuma adalci ne a faɗe shi don kada a ɗora wa kowane ɗan kasuwa laifin ha'inci. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi mai kaya yana iya ƙara kuɗi da gaskiyarsa, domin sarin da zai yi gobe ya fi na jiya tsada, kuma hoton da ka ɗauka wata shida baya ya tsufa. Haka nan idan naira ta ɗan farfaɗo, sai tsohon farashi mai tsada ya zama lambar da ake ja wa layi, ragin da kasuwa ce ta yi shi da kanta a sayar maka da shi a matsayin alherin mai shago. Don haka tarihin farashi rabin ma'auni ne. Ɗaya rabin shi ne abin da ake sayar da kayan a yau a wani wuri, kuma a nan ne zaman mutum a Katsina yake shigowa cikin lissafi.

Farashin da ke kan allo farashin kaya ne a ɗakin ajiya, sau da yawa a Legas, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin dako ya zama wani babban kaso na kuɗin kaya, kuma manhajoji da yawa ba sa nuna shi sai mutum ya zuba kaya a kwando ya sa adireshinsa ya isa matakin biya, lokacin da zuciya ta riga ta mallaki abin. Alkawarin kai kaya kyauta ma yakan zo da ƙananan rubutu a ƙasa, inda za ka tarar an taƙaita shi ga wasu manyan birane ko ga wanda ya sayi kaya na wani adadi. A koma kan fankar nan ta 63,000. Idan kawo ta wurin karɓa a cikin birni ya ci naira 6,000, Keke Napep zuwa da dawowa ya ci 1,000, ta tsaya a 70,000. Idan wani shago a kan titin IBB yana sayar da irinta 68,000, ya buɗe kwali a gabanka, ya kunna ta ka ji iskarta, ya ce idan ta ba da matsala a cikin mako ka dawo da ita, to babu wata gasa a tsakaninsu. Wanda ke Daura ko Mai'adua ko Zango kuwa sai ya fara tabbatar da cewa akwai wurin karɓa a garinsa, domin idan sai ya shigo Katsina, tafiyar kilomita wajen 80 zuwa da irinta dawowa ta shiga cikin kuɗin fanka.

A ganina mai saye daga wannan jiha farashi uku yake buƙata kafin ya yanke shawara a kan duk wani abu mai tsada: na intanet haɗe da dako, na shagon garinsa bayan an yi ciniki, da na Kano. Kano tana wajen kilomita 170 daga Katsina, mutanen Daura kuma suna da hanyarsu ta Kazaure, kuma can ne mafi yawan 'yan kasuwarmu suke sari: yadi da atamfa a Kantin Kwari, waya a Farm Centre, kayan lantarki a Sabon Gari. Ba sai an je ba. Kiran waya ɗaya ga ɗan uwa ko amintaccen mai shago ya isa a ji farashi, kuma tsohuwar hanyar ba direba saƙo a tasha, a karɓa da yamma a biya shi kuɗin mota, har yanzu ta fi kamfanonin aike da yawa sauri da sauƙi. Idan aka jera ukun nan sai wani tsari ya bayyana. Ƙaramin abu marar nauyi mai lamba tabbatacciya, kamar agogo ko abin sauraro na kunne ko wani ɓangaren kwamfuta ko littafin da ba a samu a gari, intanet takan yi nasara a kansa. Abu mai nauyi ko mai fashewa, kamar firiza da katifa da batirin sola da kwanukan tangaran, da wuya ya iso da riba. Maƙwabta ko ma'aikatan ofis ɗaya sukan rage wannan nauyi ta hanyar haɗa odarsu wuri guda su raba kuɗin dako, kamar yadda ake watanda a raba nama, sai dai idan kayan na masu sayarwa daban-daban ne, manhajar tana iya lissafa wa kowanne dakonsa, don haka a duba jimilla kafin a biya.

Su ma 'yan kasuwar gari sun gane abin da ake ciki. Yanzu mai saye yakan miƙa wa mai shago waya ya ce, "Alhaji, ga shi nan a intanet dubu 63." Wani ya ce, "To ai sai ka saya a can, ranka ya daɗe," wani kuma ya karɓi wayar ya duba da kyau, ya nuna maka cewa batirin waccan bai kai na tasa ba, ko kuwa ya yi shiru ya rage dubu biyu. Ko da mutum bai sayi komai a intanet ba, farashinta ya ba shi abin riƙewa a wurin ciniki.

Wannan maganar batiri ta kai mu ga wurin da aka fi yin kuskure, wato kwatanta abubuwa biyu da suka yi kama a hoto amma ba ɗaya ba ne. Waya ita ce babban misali. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, da ma Samsung da Redmi, sukan fitar da waya mai suna ɗaya a nau'i biyu ko uku, wata mai ma'ajiya gigabayit 128, wata 256, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. Sannan akwai abin da ake rubutawa "4+4" ko a dunƙule a ce 8 a wurin RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, alhali huɗu ne na gaskiya, sauran huɗun aro ne daga ma'ajiyar wayar, ba su da saurin na asali. Wanda ya kwatanta mai takwas na gaskiya a shago da mai huɗu da aro a intanet zai ga ragi inda babu shi. Haka abin yake a fawa bank, wato batirin da ake cajin waya da shi. Ta gaskiya mai 20,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da take riƙewa, nauyinta yakan kai wajen giram 400, don haka idan ka ga wata siririya kamar sabulun wanka an rubuta mata 50,000 a kan kuɗin da bai kai na mai 10,000 ba, lambar ado ce. Faifan sola ma yana da lissafinsa da ba ya ƙarya: hasken rana mai ƙarfi yana ba da wajen wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faifan zamani yana kama kusan kashi 20 cikin 100 na wannan, wato wat 200. Faifai mai wat 300 na gaskiya dole faɗinsa ya kai wajen murabba'in mita ɗaya da rabi. Wanda bai wuce girman faranti ba, ko an rubuta masa 300 da ruwan zinare, ba zai ba da ita ba.

A kayan masarufi kuma ma'aunin shi ne kuɗin guda ɗaya ko kilo ɗaya. Ƙunshin famfas mai guda 40 a naira 9,000 ya kama 225 kowane ɗaya, mai guda 32 a naira 7,800 ya kama sama da 243, amma ido zai fara sauka a kan 7,800. Matan da suka san bambancin tiyar wannan kasuwa da ta waccan ba sa buƙatar a koya musu wannan, abin da ake buƙata kawai shi ne a tuna a karanta adadin da ke jikin leda. Yadi kuwa matsalarsa ta fi ƙarfin lissafi, domin hoto ba ya nuna nauyin shadda ko laushinta, kuma fitilar mai ɗaukar hoto tana iya mayar da ƙaramar shadda ta yi ƙyallin Getzner. A nan sayen da ba a taɓa da hannu ba cinikin biri a sama ne, sai fa idan mai sayarwar sananniya ce da za ta karɓi kayanta idan ba su yi ba.

Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Katsina tun ƙarnuka da dama, sun yi magana a kan irin wannan ciniki tun kafin a yi mafarkin waya. Sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, har da sayen ɗaurin kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, da sharaɗin siffar ta zama sananniya, kuma idan kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta mai saye yana da zaɓin mayarwa. Sun kuma yi taka-tsantsan da sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso idan wurin yana da nisa. Fatawa aikin malamai ce, amma darasin kasuwanci da ke ciki a fili yake: darajar cinikin nesa tana rataye ne a kan ingancin siffa da damar mayarwa. Saboda haka tsarin biya bayan an kawo kaya, inda ake samunsa, ya cancanci a ƙara masa 'yan ɗaruruwa, kuma wa'adin mayarwa, wanda a manyan dandali kwanaki ne kaɗan, sau da yawa bakwai, ya kamata a karanta shi a san wa zai biya dakon komawa. Sharhin waɗanda suka riga suka saya yana taimakawa, musamman na masu tauraro ɗaya da biyu da suka sa hoton abin da ya iso hannunsu, domin yabo ana iya sayensa, amma da wuya mutum ya ɓata lokacinsa ya ƙirƙiri hoton fasasshen kaya.

Lambobin rangwame da agogon da ke ƙirga daƙiƙa ba sa buƙatar dogon bayani. Lambar da ta ce ragin kashi 10 takan zo da rufi, misali kada ya wuce naira 2,000, da kuma ƙasa, misali sai an sayi kayan 20,000. Wanda ya shigo don kayan 14,000 sai ya ƙaro tarkacen 6,000 don ya samu ragin 2,000, ya fita ya kashe ƙarin dubu huɗu a kan abin da bai yi niyya ba. Rubutun "saura guda uku" da agogon da ke cewa nan da minti goma garaɓasa za ta ƙare aikinsu ɗaya ne, su hana ka kiran Kano. Gwajinsu shi ne a rufe manhajar a dawo gobe, sau da yawa za a tarar agogon ya sake farawa. Lambar da ɗan wasa ko 'yar TikTok ke rabawa mabiyanta kuwa dillanci ne na zamani, tana da la'adarta a kan kowane ciniki, kuma wannan ba laifi ba ne muddin mai saye ya san cewa yabon da take yi wa kayan yabon dillali ne. Wanda ya fi waɗannan duka cin kuɗi a ɓoye shi ne tsarin karɓi waya ka biya kaɗan-kaɗan. Wayar naira 150,000 da aka ce ka ajiye 45,000 sannan ka riƙa biyan 25,000 duk wata har wata shida ta tsaya maka a 195,000, ƙarin kashi 30 cikin 100 ke nan, ban da tambayar da mutum zai kai wa malaminsa a kan hukuncin ƙarin.

Duk wannan bayani a kan manyan kamfanoni ne, alhali sayayyar intanet da na fi gani a gidajen Katsina a WhatsApp take gudana, sai Instagram da Facebook da TikTok. Mata ne da yawa ke sayar da atamfa, leshi, mayafai, takalma, turaren wuta, humra da kayan kicin daga cikin ɗakunansu, kuma sana'a ce da ta rufa wa gidaje da dama asiri. A nan babu lambar da aka ja wa layi, sau da yawa ma babu farashi gaba ɗaya, sai dai a ce "mai so ta biyo ni ta ciki." Ɓoye farashin yana hana kwatantawa, yana kuma ba mai kaya damar auna mai tambaya kafin ta yanka mata. Abin da ya kamata a fahimta shi ne hoton da ke yawo yakan fito ne daga ɗan sari guda a Kwari, ya bi ta hannun mace ta farko ta ɗora dubu ɗaya, ta biyu ta ɗauka daga wurinta ta ɗora dubu biyu, ta uku ma haka, kuma babu ɗaya a cikinsu da ta riƙe leshin a hannu. Don haka idan aka ce, "Wallahi Anti a sari na ba ki," mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, sarinta ne ya riga ya bi ta hannu uku. Wadda ta sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto irinsa yake a intanet, ko ta lura da mata nawa ne a cikin lambobinta suka ɗora hoto ɗaya a rana ɗaya, ta tambayi biyu ko uku daga cikinsu, za ta gane wace ce ta fi kusa da tushe. Duk da haka ribar waɗannan mata ba ta banza ba ce, domin suna kawo kaya har gida ga wadda ba ta fita kasuwa, suna ɗaga ƙafa zuwa ƙarshen wata, kuma an san gidan da za a je idan launi ya saɓa. Ƙarin dubu ɗaya a kan wannan ya fi ragin dubu biyar daga shafin da ba a san mai shi ba, wanda ke tallar waya a rabin kuɗinta, ya ce a tura kuɗi wani asusu mai sunan da bai yi kama da na shagon ba, sannan ya toshe lambarka da zarar alat ya shiga. Idan tazarar farashi ta wuce abin da sari da dako za su iya bayyanawa, tazarar kanta ita ce gargaɗin.

Kayan da ke zuwa kai tsaye daga ƙasar Sin ta Temu ko AliExpress suna da araha ta gaskiya a ƙananan abubuwa, domin an tsallake ɗan sari na Legas da na Kano. Amma a nan ma akwai abubuwan da allo ba ya nunawa. Idan da dala za a biya, farashin canjin da banki ko katin dala na manhaja zai yi amfani da shi yakan ɗara wanda aka gani a labarai. Jira yana iya kai makonni. Awon tufafi na can ya fi namu ƙanƙanta, kuma kayan lantarki da aka yi don Amurka na wuta mai ƙarfin volt 110 zuwa 120 ne alhali tamu 230 ce, ga kan fulogi da bai dace da soket ɗinmu mai baki uku ba. Sai garanti: wayar Tecno da aka saya a shagon da aka amince da shi tana da Carlcare, cibiyar gyara ta kamfanin, da za a kai ta, wadda aka yo oda daga ƙetare a wurin wanda ba a sani ba kuwa, idan ta mutu sai mai gyara na bakin titi.

Saura maganar lokaci, wadda a ganina ita ce rangwamen da ya fi kowane tabbas, kuma ba ya buƙatar lamba. Black Friday al'adar Amurka ce, Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kamfanonin Najeriya suka ɗauko ta suka shimfiɗa ta makonni, Konga ta raɗa wa nata Yakata, AliExpress kuma tana da ranar 11 ga Nuwamba. Wannan lokaci ya zo daidai da kaka, sa'ad da manomi ya sayar da amfani kuɗi ya shigo hannu, kuma ana samun ragi na gaskiya a cikinsa, musamman a shagunan da kamfanonin da ke ƙera kayan suke gudanarwa da kansu da kuma tsofaffin nau'in waya da ake son kwashewa kafin sabo ya fito. Amma kalandar buƙatarmu daban take. Fanka da firiza da kayan sola suna tashi ne a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya sa kowa ya tuna da su a rana ɗaya, don haka mai sayen fanka a cikin hunturu yana ciniki ne da mai shagon da ke son rabuwa da ita. Shadda da atamfa da takalman yara suna tashi ne daga tsakiyar Sha'aban zuwa ƙarshen azumi, kuma da yake watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, babu wani rangwamen Nuwamba da aka tsara don su. Mai haɗa lefe ko kayan ɗaki da ya fara watanni kafin biki yana da damar jiran farashi ya sauko, ya mayar da abin da bai yi ba, ya sake yin oda. Wanda ya yo odar shaddar Sallah daga Legas ranar 20 ga azumi kuwa, ko da ragin kashi 40 na gaskiya ya samu, kayan za su iso ne bayan tela ya daina karɓar ɗinki.